Abin da Ke Cikin Tayar Baya

A gidanmu na Gwarzo, duk ranar da ka shigo ka tarar da keke a kife a tsakar gida, to ranar Inna za ta yi asarar cokali. Mahaifina bai taɓa yarda ya kai kekensa wurin mai faci ba. Da gindin cokali yake ɓanɓare taya, ya zaro tif, wato robar nan ta ciki mai riƙe iska, ya hura shi ya tsoma a bahon ruwa yana laluben inda zai yi kumfa. In ya samu sai ya kankare wurin da dutse, ya shafa sholisho, ya manna faci, ya zauna a kai yana jan carbi har ya kama.

Tun zamanin tsuke bakin aljihu ya koyi wannan, lokacin da aka rage ma'aikata a ofishinsu guguwar ta haɗa da shi. Zamanin ya wuce, amma ya bar masa hali biyu da suka bi shi har tsufa: gyara komai da hannunsa, da zargin duk abin da aka sayar masa. Ko tukunya zai saya sai ya ƙwanƙwasa ta har mai ita ta ce, "Malam, in ba saye za ka yi ba ajiye mini kayana."

Mutum ɗaya ne a duniya Baba bai taɓa ƙwanƙwasawa ba, shi ne amininsa, wani Alhaji mai fataucin hatsi da muke kira Baban Kabo. Tun suna samari suke tare, lokacin da suke kai gyaɗa sikeli. Baba siriri ne mai ɗaurarriyar fuska, Baban Kabo kuwa ƙato ne mai tumbi, dariyarsa tana riga shi shiga zaure. Duk ranar kasuwa sai ya biyo gidanmu sun ci tuwo a kwano ɗaya, suna tsokanar juna kamar ba su ne masu jikoki ba. Abu ɗaya suka kiyaye duk tsawon zamansu, ba su taɓa yin ciniki a tsakaninsu ba. Inna takan ce shi ya sa suka daɗe.

To a shekarun nan da aka kawo shari'a, ina koyarwa a firamare, ni da matata muna zaune a sashen da Baba ya yanka mini a gidan, sai ga Baban Kabo wata ranar kasuwa ya sauko daga a-kori-kura da wani keke a kafaɗa. Gwanjo ne na ƙasar waje, shuɗi, tayoyinsa masu kauri da gurzi-gurzi, ga shi ba nauyi, har Inna ta ɗaga shi da hannu ɗaya ta ajiye tana salati.

"Malam, wauta na tafka," in ji Baban Kabo. "Na gan shi a birni ya burge ni na saya, sai da na kai gida na lura ba shi da kariyar ɗora kaya. Ni kuwa buhu nake ɗaukowa daga Dugabau da Masanawa, a ka zan ɗora? Ba ni baƙin dokin nan naka mai kariyar ƙarfe, kai ka riƙe wannan. Ba ƙari, ba ragi."

Baba ya zagaya keken, ya matsa tayoyin, ya kama birki, ya ɗaga ya ajiye. Na ga yana son abin, yana kuma neman dalilin ƙi bai samu ba. A ƙarshe suka tafa, aka ɗora tsohon baƙin keken Baba a mota. Inna ta leƙo daga madafi ta ce, "Yau kuma ciniki kuka yi?" Suka haɗa baki suka ce musaya ce, ba ciniki ba.

Kwanakin farko sai ka ce an mayar wa Baba ƙuruciyarsa. Gonarsa ta hanyar Getso da yake zuwa jefi-jefi ta koma ta kullum. Ko gishiri Inna ta ce babu, kafin ta nemi ɗan aike ya hau ya tafi. Mutanen unguwa suna tsayar da shi su taɓa tayoyin, shi kuwa yana amsa musu a gajarce kamar shi ya ƙera keken.

Ba a daɗe ba, wata la'asar sai ga shi ya dawo daga gona yana turo keken, tayar baya ta sace ta kwanta ƙasa, shi kuma ya haɗa gumi. Ya jingine shi a bango. Na ce, "Sannu Baba. Faci ne, ƙaya ka taka."

"Ni da ƙayar hanyar Getso mun san juna," ya ce. "Taya mai wannan kauri, ƙaya ta kwantar da ita tun ba a je ko'ina ba? Ruwa ba ya tsami banza."

"Haba Malam," in ji Inna. "Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Gwanjo ne fa."

Sai dai a lokacin kowa ya zama malami a garin. Rediyo ba ta da zance sai na tauye mudu da ɓoye aibin kaya, Baba kuwa ba ya bari ko wa'azi ɗaya ya wuce shi. Ya gyara zama a kan buzunsa ya yanke hukunci yana ƙirga sharuɗɗan da yatsa. "Zan buɗe tayar nan. In na tarar da tif lafiyayye da huda guda, ƙaddara ce, in yi istigfari. In kuwa na tarar da shi faci a kan faci, to Alhaji ya sani ya ɓoye mini aibi. Daga ranar kuwa tsakanina da shi sai sallamar Musulunci."

Gabana ya faɗi, don na san mahaifina. In ya ce ya rufe ƙofa, ko da ƙafarsa a ciki sai ya rufe. Kuma na san in Baban Kabo ya daina zuwa gidan nan, Baba ba shi da wani da zai zauna da shi ya saki fuska. Amincin da ya girme ni, yau ga shi an ɗaura shi a jikin robar da ba wanda ya taɓa gani a cikinmu.

Washegari da safe aka kife keke, aka kwance wilin baya, aka aika a kawo cokali. A nan taya ta nuna mana ita ba irin tayoyin da muka saba ba ce. Tayar keke in ta sace, bakinta sakwarkwacewa yake yi, ko da yatsa ka ɗaga shi. Wannan kuwa bakinta ya manne da ƙarfen wilin, ko farce ba ya samun wurin shiga. Baba ya cusa cokali da ƙyar ya danna, cokali ya lanƙwashe, taya ko gezau. Ya karɓi wani, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Kafin azahar Inna ta kwashe sauran ta ɓoye a cikin kwalla ta zauna kusa da ita. Matata da ta ga abin yana matsowa sashenmu, ta naɗe cokulan aurenta a zani ta tura ƙarƙashin gado, ta ce mini in na sake na faɗa ni da ita ne.

Da na dawo daga makaranta na ce, "Baba, mu kai wa masu faci na bakin tasha mana. Suna da ƙarafan aikin."

Ya dube ni kamar na zage shi. "In kai asirin Alhaji bakin tasha? Su buɗe su ga abin da za su gani, kafin magariba duk Gwarzo ta ji? Mutumin da ya yanka maka ragon suna?"

Ka ji fa. Yana haƙa wa mutum rami, yana kuma yi masa inuwa kada rana ta taɓa shi. Na buɗe baki zan yi magana sai ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, in zo in riƙe masa wili. Yaron nan kuwa a lokacin da 'ya'yansa biyu.

Daga nan aka shiga gwajin dabaru. Aka shafa man gyaɗa, taya ta sha ta yi ƙyalli. Aka kaɗa ruwan sabulu aka zuba. Aka ɗora wilin a kan kwanon ɗaki ya wuni a rana ko robar za ta yi laushi, da aka sauko da shi ba ya taɓuwa don zafi, amma bakin yana nan inda yake. Aka tafasa ruwa aka kwara, aka ɗiga kananzir, har tsakar gida ta koma warin gareji, kaji suka ƙaurace. Kullum na dawo aiki ko riga ban cire ba zan ji, "Kai, zo nan." In matse wili a tsakanin gwiwoyina, shi kuma ya tokara sukundireba yana nishi, muna ta jan bakin tayar waje, ita kuwa tana ƙara kamewa.

Wata rana sukundireban ya kuɓuce ya yanke ni a babban yatsa. Raina ya ɓaci, na yi jifa da wilin na ce, "Baba, don Allah a kawo wuƙa a farke ta kowa ya huta!"

"A farke shaida?" ya ce. "In wuƙa ta taɓa tif ɗin, da me zan bambance hudarka da ta ƙaya da ta Alhaji?"

Na tafi ina tsotsar yatsa ina guna-guni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk sanda tayar ta ƙi, laifin Baban Kabo ƙaruwa yake yi. "Tayar kirki ba ta ƙin fita," Baba yake cewa yana girgiza kai. "Wannan liƙe ta aka yi. Wanda kuwa ya liƙe, akwai abin da ba ya son a gani."

Ana cikin haka ranar kasuwa ta zagayo. Tun hantsi Baba ya sa na kai keken da wilin bayan rumbu na lulluɓe da tsohuwar tabarma. Baban Kabo ya iso da dariyarsa da ƙullin goro na Inna. Aka kawo tuwo suka sa hannu. Ya ce, "Malam, ina dokin? Ko har ka gaji da shi?"

"Yana nan," in ji Baba.

"Ya gudu?"

"Da godiya."

Baban Kabo ya kawo labarin wani dillali da jaki ya kayar a kwata, labarin da a da sai Baba ya ƙware don dariya. Ran nan murmushin ma na dole ne. Haka suka ƙarasa cin tuwon. Da na raka shi bakin hanya sai ya tsaya ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, babanka lafiya kuwa? In ciwo ne yake ɓoyewa ka gaya mini, ka san halinsa." Na ce gajiyar gona ce. Ya tafi yana waiwayen gidan, ni kuwa tausayinsa ya cika ni, har na ji haushin mahaifina ƙwarai a ranar.

Abin da ya gagari cokali da mai da ruwan zafi, fushin Inna ne ya yi maganinsa. Baba ya bar wilin a kwance daidai inda take daka. Ta ce a ɗauke, ba a ɗauke ba. Ta sake faɗa, ya ce a bar shi yana tsumuwa. Sai ta karkata turminta ta garo shi, ba ta kauce ba, ta bi ta kan tayar tana cewa ita dai yau sai ta yi surfenta. Gindin turmin ya hau gefen robar, sai muka ji ƙwas! Bakin tayar ya saki ƙarfen ya faɗa cikin kwarin da ke tsakiyar wilin. Ashe duk kwanakin nan waje muke ja, alhali ita ciki take so a tura ta.

Baba ya taso ko takalmi babu. Ya bi gefen tayar da dunduniya yana takawa, tana saki tana ƙara, har ya zagaye. Ya juya wilin ya yi wa ɗaya gefen haka. Sannan ya ɗauki ɗaya daga cikin lanƙwasassun cokulan ya ɗaga bakin, sai ga taya ta zame ta fito salin-alin, kamar ba ita ta hana gida sakat ba.

Ya yi bismillah ya zura hannu. Ya laluba dama, ya laluba hagu. Ya ɗaga tayar sama ya leƙa, ya girgiza ta. Babu tif lafiyayye, babu mai faci, babu komai. Bawul ɗin hura iska ma a jikin ƙarfen wilin yake a ɗaure da noti. Abin da ke ciki kawai wata farar yana ce busasshiya da ta bi bangon robar, irin wadda kunu yake yi in ya huce. Na shafa ciki na ji tsinin ƙaya, na zaro na nuna masa. Ko kallonta bai yi ba.

"Ashe ma babu tif ɗin," ya ce a hankali. "Na ɗauka mai faci zan gani. Ashe zare shi aka yi, aka zuba gam aka liƙe baki, don ta riƙe iska ta ɗan kwana biyu har a rabu da ita. Yadda ake ɗura wa ramammiyar akuya ruwan kanwa ranar kasuwa."

"Malam, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya," in ji Inna.

"Wane zato? Gani ya kori ji. Zo ki sa hannu."

Inna ba ta sa hannu ba, ta koma kan turminta. Ni kaina na fara tantama, don tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin tayar keke ba tif ba, ban kuma taɓa jin wanda ya gani ba. Yanzu kam ko'ina akwai su, amma a lokacin cewa taya ta riƙe iska ita kaɗai daidai yake da a ce maka kwando ya ɗebo ruwa.

Da safe Baba ya ce in fito da babur ɗina, za mu mayar wa mai kaya kayansa. Ya hau baya, ya rungume gangar keken a gicciye, wilin baya a ɗaure a jikinta, tayar kuwa ya rataya a wuya. Haka muka kama hanyar Kabo, dawa ta fitar da kai dama da hagu, masu tafiya gona suna tsayawa suna kallonmu kamar 'yan gwangwan. Duk tsawon hanya kalma ɗaya ya ce mini, "Sassauta," da muka zo wani rami. Ni kuwa addu'a nake yi a zuci Allah Ya sa mu tarar ba ya gida.

Yana gida. Yana zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidansa ana auna masa wake. Da ya hango mu ya miƙe yana dariya yana cewa, "Yau kuma keke ne ya hau Malam?" Baba ya sauko, ya jingine kayan, ya ba shi hannu. Duk fushin da ke cikinsa bai tauye gaisuwa ba: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya Hajiya da ƙafa, ya yara, ya kasuwa, ya muka ji da ƙarshen ruwa. Sai da suka kai ƙarshenta tas sannan ya ce, "Alhaji, mu shiga daga ciki."

Muka shiga zaure mu uku, na shigo da keken. A lungun zauren na hango tsohon baƙin keken Baba a jingine, yanar gizo ta haɗa kansa da bango. Baba bai lura ba. Ya cire tayar daga wuyansa ya ajiye a gaban amininsa.

"Alhaji, ina tif ɗin?"

"Wane tif?"

"Shi nake tambaya."

Baban Kabo ya ɗauki tayar ya zura hannu, ya leƙa, ya fashe da dariya. "Kai, ikon Allah! Ɓera ne ya cinye ko kuwa?" Ya ɗago ya ga fuskar Baba, dariyar ta fara raguwa. Ya dubi wilin da sukundireba ya kakkarce, ya shinshina kananzir, ya dubi tsumman da ke ɗaure a yatsana. Mutum ne mai ciniki, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

"Malam," ya ce, "ranar da na zo muka ci tuwo, tayar nan tana ina?"

Baba ya ce, "Bayan rumbu."

"Ina zaune a zaurenka, hannuna da naka a kwano ɗaya, kai kuwa kana da shari'ata a bayan rumbu."

Baban Kabo ya ajiye tayar. Ya miƙe ya je ya matsa tayar gaba, tana nan tauri kamar dutse. Ya ce, "To madalla. Wannan ba a taɓa ta ba, ko? Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Mu buɗe ta. In da tif a cikinta, ni na zare na baya, da ƙafata zan bi ka gaban alƙali."

Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Bar ta, Alhaji. Ba sai an kai nan ba."

"A'a. Ka buɗe ɗaya ba ka tambaye ni ba. Wannan ni zan buɗe, kana kallo."

Na kwance wilin gaba, na danna bawul, iska ta fito da ƙarfi ta daɗe tana huci. Na gaya masa ciki ake turawa, ba waje ba. Ya kwantar da wilin a ƙasa, ya tattare rigarsa, ya ɗora dunduniya da duk nauyin da Allah Ya ba shi. Aikin da ya cinye mana cokula da kwanaki, ƙafar Baban Kabo ta gama shi kafin ruwan da aka aiko mana daga cikin gida ya iso. Ya zare tayar bai leƙa ba, ya miƙa wa Baba ya ce, "Sa hannunka."

Baba ya sa hannu. Farar yanar nan ce dai, babu komai bayanta. Tayar da muka ji iskarta da kunnenmu yanzun nan, ita ma ba ta da tif. Haka masu ita suka yi ta.

Baba ya yi ta juya ta a hannu, ya ƙaƙalo wata dariya ya ce, "Kai, Nasara da dabara yake. Wa zai ce..." Bai ƙarasa ba, don Baban Kabo bai taya shi ba.

"Dubi can," in ji Baban Kabo, ya nuna lungu. "Ga kekenka, tun ranar da na kawo shi ko sau ɗaya ban hau ba. Ni da nake da amalanke da shanu, me zan yi da kwarababben kekenka? Rannan na hango ka daga cikin mota a hawan nan na kusa da gonarka, ka sauka kana tura shi kana dafa gwiwa. Na san in na ce kyauta ce ba za ka karɓa ba, don girman kanka ya fi ka nauyi. Shi ya sa na ce musaya. Ɗauki kayanka, an warware."

Gaskiya ya faɗa. Mu da muke gida ɗaya da Baba mun ga yana dafa bango in zai tashi daga sallah, ba wanda ya kawo keken a ransa.

Baba ya ajiye tayar. Ya dubi baƙin keken, ya dubi amininsa. Sai na ga ya tattara rigarsa yana sauka ƙasa a hankali, gwiwoyin suna ƙara, har ya durƙusa a gaban sa'ansa. Ban taɓa ganin mahaifina a ƙasa haka ba in ba a gaban Ubangijinsa ba. Ya ce, "Alhaji, na zalunce ka. Ka yafe ni."

Na kawar da kai ina kallon azarar zauren, idanuna sun cika. Ina jiyo muryar masu awon wake a waje.

"Tashi," in ji Baban Kabo. "Gwiwar da nake ta lallaɓawa ita za ka ƙarasa a zaurena, a ce ni ne?" Ya kama hannunsa ya ɗaga shi. "Kuma ban ce na yafe ba. Mayar mini da tayoyin nan tukuna, da iskarsu, yadda na ba ka su."

Aka toshe hudar ƙayar da faci ta ciki, aka mayar da tayoyin, aka aro famfon hannu a maƙwabta. Baba ya kama bugawa. Iska tana shiga ta bawul tana fita ta duk kewayen bakin, fuu, fuu, don bakin da muka sha wuyar ɓanɓarewa yanzu kuma ya ƙi komawa ya kama. Baba ya buga har ya gaji. Baban Kabo ya fizge famfon ya ce, "Kawo nan, tun kana saurayi ba ka da ƙarfi." Ya buga har tumbinsa ya jiƙe, taya tana kwance. Baba ya ce, "Ai ga ƙarfin nan mun gani," ya karɓa. Na san ba za ta hau ba, su ma sun sani, amma ba wanda ya ce a bari. Aka kira azahar muka je muka dawo, suka koma kan famfo, ɗaya na riƙe da wili ɗaya na bugawa, kowa yana gaya wa ɗan'uwansa ba haka ake yi ba.

Da la'asar ta gabato na ce, "Baba, rana tana yi, mu kama hanya."

Baba bai ɗago ba. Baban Kabo ne ya leƙa cikin gida ya ɗaga murya ya ce a share ɗakin baƙi a shimfiɗa wa Malam, tayar nan ba za ta hau yau ba. Sannan ya juyo ya ce mini, "Kai koma. Ka gaya wa Innarka na riƙe mata miji sai ya biya ni iskata."

Na tayar da babur ni kaɗai. Har na kai bakin layi ina jiyo ƙarar famfon da muryoyinsu suna musu a kan wanda ya fi iya bugawa. Ban taɓa jin daɗin komawa gida ba tare da mahaifina ba kamar ranar.